Jagorar Bibiyar Sheƙar Tsuntsu da Kyamara a Katsina

Tun da kyamarorin tsaro masu aiki da sola da layin waya suka wadata a kasuwa, wasu matasa a Katsina sun fara juya su daga ƙofar gida zuwa kan bishiya. Mutum zai ga bidiyon mikiya tana ciyar da 'ya'yanta a YouTube, sai ya tuna akwai kurciyar da ke kwanci a tagar ɗakinsa, ko shamuwar da ke sauka kan tsamiyar unguwarsu kowace damina. Sha'awa ce mai kyau. Sai dai koken da sababbin shiga ke kawowa kusan iri ɗaya ne, kuma ba sa zuwa sai bayan ɓarna ta auku: an ɗaura kyamara jiya, yau uwar ba ta dawo ba, an wayi gari babu ƙwai, an yi wata guda ana kallo amma ba wanda zai iya faɗin ranar da aka ƙyanƙyashe.

Duk matakan da ke ƙasa ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da su: lafiyar sheƙa tana gaba da kyawun hoto. Duk inda biyun suka yi karo, hoto ne zai haƙura, don kada garin neman gira a rasa ido.

Kayan aiki

Kyamara mai jure ruwa da ƙura, mai gani cikin duhu, wadda ke ɗauka ba tsayawa. Akwai masu batir da ke barci sai sun ji motsin mutum su farka. Irin waɗannan ba sa jin ƙaramin tsuntsu, sai abu ya wuce su kunna.
Faifan sola da batir, da waya mai tsawo tsakaninsu da kyamarar.
Katin ajiya mai girman giga 64 ko 128.
Layin waya mai data, ko intanet ɗin gida idan sheƙar tana kusa da ɗaki.
Tsani mai ƙwari, igiya, tsohuwar robar cikin tayar babur, da siririn bututun roba na saka waya.
Littafi da biro.
Madubin hangen nesa, idan da hali.
Abokin aiki da zai riƙe tsani. Wannan ba ƙari ba ne, yana cikin kaya.

Mataki na 1: Fara da kallon kyamarorin da wasu suka kafa

Kafin ka kashe ko sisi, ka koyi kallo a inda ba za ka cutar da komai ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Ithaca a Amurka tana nuna sheƙar wani shaho mai jar wutsiya kai tsaye tun 2012. Macen, wadda ake kira Big Red, takan saka ƙwai a Maris, su ƙyanƙyashe wajen ƙarshen Afrilu, 'ya'yan su tashi a Yuni. A Wales ta Birtaniya akwai kyamarar Dyfi a kan sheƙar shahon da ke cin kifi, kuma irin waɗannan tsuntsaye idan sanyi ya kama can, Afirka ta Yamma suke sauka, musamman Sanagal da Gambiya. A Niyuzilan kuma, tun 2016 ake nuna wani ƙaton tsuntsun teku a Taiaroa Head, mai saka ƙwai ɗaya tak, ɗansa ya yi kusan wata takwas kafin ya tashi.

Ka lura da bambancin agogo. Daga tsakiyar Maris zuwa Oktoba muna gaban Ithaca da awa biyar, don haka lokacin azahar ɗinmu safiyarsu ce, lokacin da ake yawan kawo abinci. Wales kuwa agogonmu ɗaya da su daga Afrilu zuwa Oktoba. Ka rage ingancin hoto zuwa 360, domin a 1080 awa ɗaya kan cinye fiye da giga guda na data.

Amfanin wannan mataki shi ne idonka ya saba da abin da yake daidai. Wanda ya taɓa ganin uwa ta bar ƙwai na ɗan lokaci ta dawo, ba zai ɗauko tsani a firgice ba ranar da tasa ta yi haka.

Mataki na 2: Zaɓi tsuntsu, ka san lokacinsa

Ga sabon shiga, kurciya ce malama. Tana yin sheƙa a baranda, a kan taga, a bayan na'urar sanyaya ɗaki, ko a reshen bedi. Ƙwai biyu farare take sakawa, kwanci kusan mako biyu, reno ma kamar haka, ta yadda cikin wata guda za ka ga labarin daga farko har ƙarshe. Tana kuma yawan komawa wuri ɗaya.

Shamuwa aikin wanda ya ɗan goge ne. Tana isowa gabanin ruwan fari, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙar ƙirare a kan manyan itatuwa kamar kuka da tsamiya, sau da yawa cikin garke, kuma kusa da mutane. Ƙwai biyu zuwa uku, kwanci kusan wata ɗaya, 'ya'ya su yi kusan wata biyu a sheƙa. Bayan damina sai ta yi kudu, har kudancin Afirka. Da yake tana sake amfani da tsohuwar sheƙa, kana da rani guda na shiri.

Marai yana da daɗin kallo saboda saƙarsa, amma sheƙarsa rufaffiya ce, ƙofarta tana ƙasa, don haka waje kawai za ka gani. Haka cilakowa: macen tana shiga kogon itace a toshe baki da laka, a bar 'yar tsaga da namiji ke miƙo mata abinci. Kada ka yi tunanin cusa kyamara a cikin irin waɗannan. Mujiya kan zauna a silin ko tsohon gini. Ita da ungulu suna da sharuɗɗa na musamman da za su zo a mataki na 9.

Ka yi kwanaki kana lura daga nesa: ta ina suke shigowa, a wane reshe suke sauka kafin su faɗa sheƙa. Wannan hanya tasu ce, kyamara ba ta tsaya a kanta.

Mataki na 3: Nemi izini kafin ka ɗaga tsani

A cikin birni, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Marusa, gidaje a manne suke da juna. Kyamarar da ke saman bishiya tana iya hango tsakar gida uku, kuma a tsakar gida iyali suke. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ka sami mai gidan da bishiyar take a gidansa, ka sami maƙwabta, idan bishiyar ta jama'a ce ka je wurin mai unguwa. Ka nuna musu hoton a wayarka su ga da idonsu cewa sheƙa da sama kawai take ɗauka. Idan an ce a'a, ka nemi wata sheƙar.

A yanayin tsaron da ake ciki, na'urar da ba a san mai ita ba a kan itace tana jawo zargi, kuma mutane suna da gaskiyarsu. Kada ka kafa komai kusa da barikin jami'an tsaro ko ginin hukuma ba tare da rubutaccen izini ba. Wani amfanin kuma, maƙwabcin da ka shawarta shi ne zai tsawata wa yaran da suka zo da danƙo.

Mataki na 4: Gama saiti a ƙasa

Yawancin ɓarna daga nan take farawa, domin an ƙera waɗannan kyamarori don korar ɓarawo ne. Kafin ta hau sama, ka shiga manhajarta ka kashe abubuwa huɗu: farar fitila mai kunna kanta da dare, jiniya, lasifikar magana, da juyawar da take yi tana bin motsi. Farin haske a tsakar dare yana tayar da mai kwanci, ta tashi cikin duhu, ƙwai su huce, kuma yana nuna wa kyanwa inda sheƙa take. Ka bar hasken infirared kaɗai, wanda ke ba da hoto baƙi da fari ba tare da ya dami tsuntsaye ba. Idan akwai 'yar fitila mai ƙyaftawa a jikinta, ka liƙe ta da baƙin salatif.

Ka gwada nisa. Ajiye ƙwan kaza a kwano, ka riƙa matsar da kyamarar har ka gane inda hoto ke fara dushewa. Da yawa daga kyamarorin nan ba sa gani tar idan abu ya yi kusa sosai. Ka daidaita kwanan wata da agogo, domin duk rubutunka a kansu zai dogara. Ka canza lambar sirrin da ta zo da ita, don kada wani ya shiga ya juya ta zuwa gidan mutane. Sannan ka bar ta ta yi kwana biyu tana aiki a ƙasa, ka ga ko batir yana kai asuba.

Mataki na 5: Ɗaura ta kafin a saka ƙwai

Wannan shi ne mataki mafi nauyi. Tsuntsu ya fi saurin gudun sheƙa lokacin gini da farkon kwanci. Don haka lokacin ɗaura kyamara shi ne lokacin da sheƙa take fanko. Ga shamuwa, Fabrairu ko Maris. Ga kurciya, bayan 'ya'ya sun tashi, kafin ta sake zama. Idan ka tarar an riga an saka ƙwai, ka kafa daga nesa, kan katanga ko ta cikin tagar ɗaki, ka jawo hoton da manhaja, ko ka jira zagaye na gaba.

Ka sa kyamarar ɗan sama da sheƙa, a gefe, tana kallon ƙasa kaɗan. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, rana za ta wanke hoton safe ko na yamma, alhali lokutan ne aka fi motsi. Ka ɗaure da roba da igiya, ba ƙusa ba. Kada ka sare reshe ko ka tsinke ganye don hoto ya fito: wannan ganyen shi ne inuwar 'ya'ya a zafin da kan haura digiri 40, shi ne kuma labulensu daga shirwa da hankaka. Waya ta bi cikin bututu don ɓera, kuma kada a bar ta tana reto ko a bar guntun igiya da ƙafar tsuntsu za ta sarƙe. Faifan sola ya zauna nesa, inda za ka goge ƙurarsa ba tare da ka kusanci sheƙa ba. Idan da yiwuwa, ka yi wa kyamarar 'yar rumfa saboda rana.

Ka kula da kanka. Ka duba ƙudan zuma da rina kafin ka hau, ka nisanci wayar lantarki, kada ka taka busasshen reshe, kuma idan hadari ya haɗo ka sauko. Ka gama cikin minti kaɗan ka bar wurin.

Mataki na 6: Lokacin kwanci, ka koyi haƙuri

Sabon shiga yakan ce babu abin da ke faruwa. Akwai, ido ne bai saba ba. Dubi kurciya da hantsi. Namiji zai sauka a gefe ya yi 'yar guɗa a hankali, macen da ta kwana a kan ƙwai ta miƙe, ta miƙa fiffike ɗaya da ƙafa ɗaya, ta tashi. Shi kuma ya tako a sannu, ya sa baki ya mirgina ƙwan, ya buɗe gashin cikinsa ya zauna yana ɗan girgiza jiki har fatarsa ta taɓa su. Zai riƙe har la'asar, ita ta karɓi dare. Juyin nan yana sa ɗumi ya game ƙwan, yana kuma hana ɗan da ke ciki mannewa a ɓawo.

A tsananin zafi za ka ga tsuntsu ya tsaya a kan ƙwai bai zauna ba, baki a buɗe, maƙogwaro yana kaɗawa. Ba ciwo ba ne, inuwa yake yi musu yana kuma sanyaya kansa. Ƙafafun shamuwa kan yi fari fat. Kashinta take zubawa a kansu don ta rage zafi.

Ka rubuta ranar ƙwan farko da ta ƙarshe, ka ƙara kwanakin kwanci, ka sami ranar da za ka sa ido. Idan hoto ya ɗauke a wannan lokaci, ka gyara abin da za ka iya daga ƙasa. Idan sai an hau, to ka haƙura da hoton.

Mataki na 7: Ƙyanƙyasa da reno, ka riƙe hannunka

Alamar farko ita ce uwa ta yawaita miƙewa tana leƙen ƙarƙashinta. Sai 'yar huda ta bayyana a ɓawo, daga nan zuwa fitowa kan ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci kwana guda. Ɗan kurciya yana fitowa ido a rufe, ya cusa bakinsa cikin na uwa ko uba ya sha wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙoshinsu, kafin a fara haɗa masa da tsaba. Shamuwa kuwa amayo abinci take yi a tsakiyar sheƙa, fara da tsutsa da kwaɗi, 'ya'ya su yi ta wawa. 'Ya'yan mujiya ba sa zama kai ɗaya, saboda tana fara kwanci tun ƙwan farko, tana saka sauran kwana biyu ko uku tsakani.

A nan zuciya take gwada mutum. Za ka ga babba ya danne ƙarami. Za ka iya ganin maciji, guza ko hankaka sun ɗauke ɗa a gabanka. Guguwar farkon damina tana iya zubar da sheƙa. Kada ka hau, kada ka zuba gero ko ruwa a sheƙa, domin abinci yana kiran tururuwa da ɓera, kuma zirga-zirgarka tana nuna wa maharan hanya. Kusantar 'ya'yan da suka fara gashi tana sa su yi tsalle tun fiffike bai yi ƙwari ba.

Wuri biyu ne za ka sa hannu. Na farko, idan kayanka ne suka jawo matsalar, kamar waya da ta kama ƙafa. Na biyu, idan ɗa marar gashi ya faɗo kuma sheƙar tana inda hannu zai kai, ka mayar da shi nan take. Maganar cewa uwa tana ƙin ɗan da mutum ya taɓa ba gaskiya ba ce. Wanda ya cika gashi yana tsalle-tsalle a ƙasa kuwa, koyon tashi yake, iyayensa suna kusa. Ka ɗora shi a reshe ka tsare kyanwa. Kada ka kai shi keji. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a wata tafiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata.

Idan ka taɓa tsuntsu, ka wanke hannu da sabulu. Idan ka ga suna mutuwa da yawa a wuri ɗaya, kada ka taɓa su, ka sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006, kuma mai kiwon kaji ya fi kowa bukatar kiyayewa.

Mataki na 8: Rubuta abin da ka gani

Kallon da ba a rubuta ba nishaɗi ne kawai. Ka ja layi huɗu a littafi: kwanan wata, lokaci, abin da ya faru, yanayin gari. Ka rubuta abin da ido ya gani, ba abin da ka zata ba. "Ta bar ƙwai daga 2:10 zuwa 2:35" ya fi "ta gaji" amfani. Ka ware awa ɗaya tsayayya kullum, misali bayan sallar asuba idan gari ya waye, ka ƙirga sau nawa aka kawo abinci. Idan kana canza lokaci, lissafin jiya ba zai kwatantu da na yau ba. Ranaku biyar kada su kuɓuce maka: fara gini, ƙwan farko, cikar ƙwai, ƙyanƙyasa, da tashi. Ka riƙa kwashe muhimman bidiyo zuwa waya, domin kati idan ya cika yana goge na baya.

Wannan rubutu yana da masu bukata. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ƙarƙashin cibiyar APLORI da ke Jos, kuma 'yan sa-kai ne ke tura bayanai ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird ta Cornell. Ɗaliban ilimin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma za su iya gina bincike a kan littafin sheƙa ɗaya da aka cika da gaskiya.

Mataki na 9: Yaɗa hoto, ɓoye wuri

Idan za ka sa bidiyo a Facebook ko TikTok, ka ce Katsina ka tsaya nan. Kada ka faɗi unguwa, kada hoton ya nuna allon shago ko ginin da za a gane. Ungulu da a da take cika mahauta yanzu sai an yi da gaske ake ganinta. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma farautar sassan jikinta don tsibbu na cikin dalilai. Ƙwai ɗaya ungulu take sakawa a shekara. Mujiya ma ana kashe ta saboda camfi, alhali ɓeraye take rage wa gida da rumbu. Sheƙar waɗannan biyu kada a nuna ta kai tsaye. Ka jira 'ya'ya su tashi, sannan ka fitar da abin da ba zai tona wurin ba. Ka kuma saurari sautin kafin ka yaɗa, kada hirar iyalin wani ta fita duniya.

Mataki na 10: Bayan sun tashi

Kada ka yi gaggawar saukewa. 'Ya'ya kan yi kwanaki suna dawowa kwana, kurciya kuma kan sake saka ƙwai ba da jimawa ba. Sai ka tabbata wurin ya zama fanko na tsawon mako guda ko fiye, sannan ka hau ka goge gilashi, ka sassauta ɗaurin da ya fara cin jikin itace, ka duba waya. Sheƙar shamuwa a bar ta yadda take, masu ita za su dawo. Daga nan ka taƙaita littafinka a shafi ɗaya: ƙwai nawa, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka tashi, me ya sami sauran. Sheƙar da ta lalace ma a rubuta ta, domin ita ma ilimi ce.

Shawarata ga mai son farawa: ka ɗauki kurciyar gidanku tukuna, ka bi ta zagaye ɗaya cikakke da waɗannan matakai. Idan ka kai ƙarshe ba tare da ta taɓa tashi saboda kai ba, ka isa ka nemi izinin hawa tsamiyar shamuwa a rani mai zuwa.